Jan Fenti a Jikin Itatuwan Bapak

Daga Sumardi Hadiprayitno, Sufeton Makarantu mai ritaya, Shugaban Ƙungiyar Tsofaffin Malamai Masu Dashen Itace.

Zuwa ga Shugabar Gandun Yashi na Wedimabur, Uwargida Wartinah, wadda bisa wata ƙaddara da ba a nemi shawarata a kanta ba ta kasance ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa gwargwadon abin da ladabi ya ɗora mini, ba gwargwadon abin da aka cancanta ba, ina fatan kina lafiya, ke da yashinki.

Ina shelanta wa sama da ƙasa, da tekun kudu da duk abin da ke iyo a cikinsa, cewa ranar Lahadin da ta gabata, da hantsi, rana na kallo, an tumɓuke mini dashe. Tun da aka fara rubuta tarihin wannan tsibiri namu na Jawa an ci garuruwa da yaƙi, duwatsu sun yi aman wuta, sarakuna sun sauka daga gado. Amma ban taɓa karantawa ba, kuma na yi karatu, cewa an kama ɗan itacen cemara da bai wuce taƙi biyu ba an zare shi daga ƙasa a gaban wanda ya dasa shi, tun hannunsa bai bushe ba.

Ga yadda abin ya auku, domin kada a kawo miki shi a karkace. Ƙungiyarmu ta karrama gandunki da ziyarar bana. Mun cika mota guda, kowa cikin rigar batik iri ɗaya, da kwandunan shinkafa da soyayyen tempe na waken soya. Mun biya kuɗin shiga ba gunaguni, ko da yake a cikin wannan yashin aka binne cibiyata. Muka hau tudun, ƙafa na nutsewa, Bu Sriyatun mai koyar da lissafi tana salati a kowane taku. Da muka kai ƙoli, muka yi abin da muke yi duk inda muka sa ƙafa, wato ba ma barin wuri sai mun bar masa itace. Mun dasa a masallatai, mun dasa a makarantu, mun dasa har a harabar gidan yari, kuma ko'ina da shayi aka sallame mu. Na durƙusa, na haƙa, na yi bisimilla, na dasa, na kafa ɗan allon gora mai ɗauke da sunana.

Sai ga ƙarar usur. Wani mai gadi ya taho a guje. Na dube shi na gane Ngatijan ne, wanda da hannuna na sa aka maimaita masa aji huɗu, kuma yanzu na tabbata sassauci na yi masa.

Ya ce, "Pak, don Allah a yi haƙuri, nan ba a shuka."

Na ce, "Ɗana, a faɗin duniyar Allah akwai inda ba a shuka?"

Ya ce, "Akwai, Pak. Kana durƙushe a kai."

Ya sunkuya da irin ladabin nan mai ciwo, ya zare dashen kamar mai cire furfura, ya miƙo mini shi da hannu biyu, har da allon. Tsofaffin malamai na tsaye suna kallo, wasu marasa amana ma suna ɗaukar hoto.

Wannan duk da na haɗiye shi, domin manyan mutane sun saba haɗiya. Amma na gangara kurmin cemara don in huce, sai na ga abin da ba ya haɗiyuwa. Kin san layin farko, na bakin teku, wanda mahaifinmu Bapak, Allah Ya jiƙansa, ya dasa a zamanin da yashi ke binne gonakin albasa har da rijiyoyinsu. Ke a lokacin kina goye a bayan mahaifiyarmu Simbok kina tsotsar yatsa. Ni ne nake bin sa da gwangwanin ruwa, ƙasa na ƙona mini tafin ƙafa. To kowane itace a wannan layin an shafa masa jan fenti a ƙirji. Na tambayi Ngatijan, ya ce sare su za a yi, "domin iska ta samu hanya."

Iska! Yaushe iska ta shigar da ƙara? A wace kotu? Wa ya tsaya mata lauya? Mutumin nan bai bar mana gidan bulo ba, bai bar ko hoto ɗaya ba. Itatuwan nan su kaɗai ne shaidar ya taɓa zuwa duniya, in ban da ni da ke, kuma a kanki shaidar tana da rauni.

Saboda haka ina buƙatar a wanke fentin nan da sabulu, a mayar da dashena inda aka cire shi, kuma Ngatijan ya rubuto neman gafara, in har ya iya rubutu yanzu.

Na bar ki lafiya.
Yayanki, wanda aka wulaƙanta amma bai rusuna ba,
Sumardi Hadiprayitno

* * *

Kangmas,

Wa'alaikumus salam, yayana. Ina gaishe ka da girmamawar da ke kan ƙanwa. Takardarka ta iso da hatimi har biyu, na ɗauka sammaci ne.

Ngatijan aikinsa ya yi, ba zai nemi gafarar kowa ba. Akwai allo a bakin ƙofa da manyan haruffa, an rubuta ba a dasa komai a kan tudu. Kun jeru a gabansa kun ɗauki hoto, tumbinku ya rufe rubutun. Mota cike da malamai, ba wanda ya karanta.

Bari yau in koyar da sufeto. Tudun nan ba tari ba ne da aka zuba aka tafi. Kogi ke gangaro da yashi daga dutse zuwa teku, teku ya tofo shi a gaɓa, iska ta kwaso shi ta hau da shi. Ran da iska ta daina isowa, tudu ya daina ci. Ciyawa ta hau shi, ƙaya ta biyo, ya koma fili kamar kowane fili. Bapak layi ɗaya ya dasa, don yana da dalili. Bayansa kowa ya hango lada: ma'aikata suka dasa, 'yan makaranta suka dasa, ƙungiyoyi masu allon gora irin taku suka dasa, har kurmi ya zama katanga. Ka tuna tudun da muke zamewa a kansa bisa reshen kwakwa? Wanda ka hau ranar Lahadi kana haki bai kai rabinsa ba. Za mu buɗe wa iska ƙofa a tsakiyar kurmin, kuma layin Bapak shi ne a bakin ƙofar. In na bar shi, duk sauran saran na banza ne. Na daɗe ina neman yadda zan kauce masa, babu. Ubana ne ni ma, ko da ina tsotsar yatsa.

Gonakin albasan da kake yi wa kuka kuwa, a kansu motarku ta tsaya. An daɗe da shafe su da kwalta.

Sannan kun zo bakin tekun kudu cikin koren batik. Kai mai cibiya a nan, ka manta ba a sa kore a wannan gaɓar? Ni ban ce teku na jan mai koren kaya ba, amma masu sayar da kwakwa sun ce, kuma sun bar cinikinsu sun wuni suna sa muku ido kada wani tsoho ya ɓace a kansu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, don ba saboda dashenka ba ne. Daga inda motarku ta tsaya, in ka yi tari Simbok za ta ji. Ba ka shigo ba. A bakin mai kwakwa ta ji ɗanta ya zo gari. Ta dafa rogo, ta sa rigarta ta zuwa biki, ta zauna a baranda har la'asar. Na ce mata direba ne ya ƙi jira. Ta ce, "Direbobin yanzu ba su da kunya." Ta ba kaji rogon. Ka zo da mota guda don ka ga itatuwan mamaci, mai rai tana zaune da rogo a cinya.

Abu na ƙarshe. Simbok ba ta san za a sare itatuwan ba. Idonta ya yi rauni, ba ta wuce rijiya, fentin kuma ta gefen teku yake. Ina neman ranar da zan gaya mata a hankali. Kada ka sa baki.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka,
Tinah

* * *

Zuwa ga Shugabar Gandu, Lauyar Iska, Dik Tinah.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, wadda na rage mata tsawo da gangan.

Na karanta laccarki a kan yadda tudu ke cin abinci. Na ba ta maki huɗu bisa goma, biyu daga ciki don tsabtar rubutu. Na yi shekaru ina duba littattafan makarantu, na ga inda aka yabi wanda ya mayar da hamada gona. Ban ga inda aka ba wani albashi don ya mayar da kurmi hamada ba, sai da Allah Ya haɗa ni gida ɗaya da ke. Kakanninmu sun yi ta addu'a Allah Ya raba su da wannan yashi. Allah Ya amsa ta hannun Bapak. Ke kuma kin zo da takardar jami'a kina neman a janye addu'ar.

Game da koren batik, launin ƙungiyarmu ne, kwamiti ya zaɓe shi da ƙuri'a, kuma ba a sanar da mu cewa teku na da wakili a kwamitin ba.

Game da Simbok, tafiyar ƙungiya tafiyar ƙungiya ce. Shugaba ba ya barin tawaga a rana ya tafi cin rogo. Zan zo a lokacin da ya dace, da shirin da ya dace, kuma ba na karɓar darasin biyayya ga iyaye daga mai riƙe da gatari.

Sai layinki na ƙarshe. Na karanta shi a tsaye, na karanta shi a zaune, kowane karo ya fi na baya daɗi. Ashe jarumar da ba ta tsoron yayanta, ba ta tsoron ƙungiyar malamai, tana tsoron tsohuwa mai haƙori uku. Ashe kin san abin da kike shirin yi ba ya faɗuwa a gaban uwa. In aikin alheri ne, me ya hana ki shiga da murna ki ce, "Simbok, albishirinki, zan sare miki itatuwan mijinki"? Ranar da aka ɗauki gawar Bapak, ta gefensu aka bi da ita. Ina riƙe da ƙafar makara, na ga Simbok ta miƙa hannu ta shafa na farko ta wuce. Ke ba ki gani ba, an bar ki gidan maƙwabta kina kukan alewa.

Ga hukuncina, kuma ba a ɗaukaka ƙara. In sabon wata ya tsaya jan fentin nan yana jikin itatuwan, zan sanar da Simbok komai, dalla-dalla, da sunan wadda ta ba da umarni. In kuwa an wanke, zan yi shiru, in yafe wa Ngatijan, in ma bar maganar dashena, wanda yanzu haka yana cikin bokiti a bayan ɗakina yana jiran adalci.

Allah Ya shirye ki.
Yayanki, mai gadon gwangwanin ruwa,
Sumardi Hadiprayitno

* * *

Kangmas,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, don an koya mini.

Na san kai da son girma, ban san ka da mugunta ba. Ka mayar da uwarmu sanda za ka doke ni da ita.

Tunda ba ka zuwa, bari in gaya maka yadda take. Da damina ta faɗi a bakin rijiya, sai da aka ɗauko ta. Likita ya ce zuciyarta ba ta son firgita. Kullum bayan la'asar takan sa in fitar mata da kujera bayan gida, ta juya kunnenta wajen kurmin, iska na kaɗa cemara suna wannan shuuu ɗin nasu. In na ce, "Simbok, sanyi ya fara," sai ta ɗaga mini hannu ta ce, "Yi shiru, ina sauraro." Ka san wa take sauraro. Ni da nake kawo kujerar ni na san nauyin abin da zan gaya mata, ba kai da ke aiko hatimi ba.

Ba zan wanke fentin ba. Ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma ko nawa ne ba zan bar tudun ya mutu don kai ka ji daɗi ba. Abin da zan iya, na roƙi masu aikin su bar itace ɗaya, na can ƙarshen gabas, wanda ba ya tare iska sosai. Ka zo ka kafa masa allon gora komai girmansa, ka rubuta sunan Bapak, ka rubuta naka a ƙasa da duk muƙamanka, in allon ya ɗauka.

Amma in ka tsorata tsohuwar nan wani abu ya same ta, wallahi Kangmas, ko a wurin jana'iza kada ka miƙo mini hannu.

Sai wata rana.
Tinah

* * *

Zuwa ga Shugabar Gandu.

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin ta wanda ya yi nasara, wato mai yalwa kuma ba ta neman amsa.

Itace ɗaya! An kashe wa mutum garke an ce ga wutsiya ya riƙe. Na ƙi, da babbar murya.

Ina farin cikin sanar da ke cewa jiya na jagoranci tawagar tsofaffin malamai, cikin koren batik, zuwa ofishin shugaban gunduma. Na yi jawabi. Na fara daga ambaliyar Annabi Nuhu, na bi ta kan lambunan Babila, na sauka a kan gwangwanin Bapak. Bu Sriyatun ta yi kuka, sakatare ma ya share ido, ko da yake wasu sun ce hamma ce. Shugaban ya dubi agogo, ya ce a dakatar da saran har sai wani kwamiti ya zauna. Ke ma'aikaciya ce, kin san kwamiti. Jikokinmu za su ga rahotonsa, in sun yi tsawon rai.

Wata kuma ya tsaya, fenti na nan. Ni mutum ne mai cika alkawari, har wanda ba a so. Na rubuta wa Simbok takarda cikin lafazi mai taushi, wanda likita da kansa zai iya rubutawa a matsayin magani. Na sanar da ita makircin da aka ƙulla, na kuma yi mata albishir cewa ɗanta ya warware shi. Na aika ta hannun Bu Rubinem, matar liman, ta karanta mata a hankali. Ba firgita a ciki, sai murna. Ki shirya jin abin da uwa ke cewa a kan ɗa na gari.

Na bar ki da iskarki, ta nemi wata hanya.
Yayanki, garkuwar kurmi,
Sumardi Hadiprayitno

* * *

Zuwa ga Gudel da Tinah, ku biyun.

Ni Rubinem matar liman nake rubutawa, mahaifiyarku Mbah Painem ke faɗa. Ta ce in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara, kuma in yi biyu kowa ya samu tasa. Pak Sufeto ya yi haƙuri da sunan da ke sama, na ce mata Gudel, wato ɗan maraƙi, bai dace da mai muƙami ba, ta ce ita ta raɗa masa kuma ba ta janye ba.

Salamu alaikum. Ina gaishe ku. Ina nan da rai, ba don taimakonku ba.

Gudel, an karanta mini takardarka. Ta yi tsawo, na yi barci a tsakiya, aka tashe ni aka ƙarasa. Na gane ka je wurin manya ka hana a sare itatuwa. Wa ya aike ka?

Tinah, ke kuma kin ɗauka ban sani ba. Idona ne ya mutu, hancina na nan. Ngatijan ya shigo shan ruwa yana warin fenti, na ce, "Me kake shafawa?" Ya ce, "Ba komai, Mbah." Na ce, "Zauna ka ci ayaba." Kafin ya gama ta biyu na ji komai. Na ga kina ta kewaye ni kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti, na ce bari in ga ranar da za ki yi bakin faɗa.

Ku saurara, ku biyun. Ran da ubanku ya dasa itatuwan nan ya ce mini, "Painem, su tare mana yashi muna raye, in mun mutu a yanka su a rufe mu da su." Itacen kabarinmu ne. Shi bai samu ba. Da ya rasu ba su fi cinyata kauri ba, da gora aka rufe shi. Damina biyu gorar ta ruɓe, kabarin ya rufta, ni na kwaso ƙasa a kwando na cike shi, kuna makaranta. Ran jana'iza da na shafa itacen, Gudel, aunawa nake, ko zai yi. Bai yi ba.

Da suka yi kauri sai hukuma ta zo ta ce wurin ya zama gandu, ko reshe ba a karya. Aka ɗora 'yata ta tsare mini itacena da usur. Na haƙura. Kujerar da nake sa a fitar mini, Tinah, ba muryar ubanku nake ji ba. Ubanku yana raye ma ba mai magana ba ne. Sauraro nake in ji wanne ya fara kuka irin na ruɓaɓɓen ciki, don na uku daga yamma ya fara, kuma ina tsoron su riga ni lalacewa.

Da na ji labarin fenti, kuma an ce itacen da aka sare na mutanen ƙauye ne, na yi hamdala. Na kira Tukiran mai zarto muka shirya, na ba shi zakarana ja. Jiya ya zo ya ce, "Mbah, an dakatar, wai wani mai koren riga ya yi wa'azi a gunduma." Zakaran kuma ya riga ya ci.

To Gudel, ka hana ni katakona. In na mutu kafin kwamitinka ya zauna, a rufe ni da gora, in je in tarar da ubanku in gaya masa wanda ya jawo. Ka koma wurin manyan nan ka kwance abin da ka ɗaura. Kada ka yi jawabi, ka faɗa a taƙaice.

Na san abin da ya hana ka shigowa ranar nan. Ba direba ba ne. Tsoro kake in kira ka Gudel a gaban malamai. Da na kira.

Tinah, itace ɗayan da kika ce za a bari, na ƙarshen gabas, shi ya fi duka miƙewa. A sare shi. Kyauta da kayan mutane ba ta da wuya.

Na sa Tukiran ya ware muku naku ku ma, tunda akwai. Ya ce na Gudel sai an ƙara faɗi.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku hankali.
Uwarku.

* * *

Zuwa ga Dik Tinah, Shugabar Gandun Yashi na Wedimabur.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, cikakkiya a wannan karon, amma kada a saba.

A rubuta a tarihi cewa ban sauka daga ra'ayina a kan iska ba. Har gobe ba ta da gaskiya. Na janye ƙorafina a gunduma ne bisa umarnin hukumar da ta fi gunduma, kuma na yi shi cikin jimla ɗaya, abin da likitana ya ce bai taɓa jin na yi ba.

Ba mu yi magana ba ranar saran, kina can kina ba da umarni, ni kuma ina riƙe da hannun Simbok. Saboda haka ki sani ta nan: da na farko ya faɗi, ta sa na kai ta, ta ƙwanƙwasa gindinsa da sandarta, ta saurara, ta ce, "Lafiyayye ne." Ta yi dariya har haƙoran nan uku suka fito. Abin da aka ga ina sharewa a lokacin yashi ne, iskarki ta fara aiki tun ba a gama buɗe mata ƙofa ba. Ta kuma kira ni da sunan nan a gaban Ngatijan, da ƙarfi. Ki gargaɗe shi, fuskarsa ta motsa.

Saura magana ɗaya ta shari'a. Da na iso gida na tarar a aljihuna da 'ya'yan cemara guda biyu, daga reshen itacen farko. Bincike ya nuna hannuna ne ya sa su. Fitar da abu daga gandun hukuma laifi ne, kuma ni ba na kau da kai ga laifi don mai shi yana da muƙami. Na gurfanar da kaina, na saurari kaina, na sami kaina da laifi. Kayan ba za a mayar ba, kotu ta riga ta shuka su a gwangwanin madara, nesa da ikonki.

An ci tarar mai laifi ƙullin ganyen shayi ɗaya da sukarin kwakwa, duk ranar Juma'a, ya kai wa Simbok da ƙafarsa, ba ta hannun direba ba, ya kuma zauna ya ci rogon ko ya huce.

Yayanki, wanda har yanzu yake ganin an zalunce shi,
Sumardi Hadiprayitno